Kansar furostet: yadda ake bin ta a nan Saudiyya, tun daga ɗibar jini har bayan tiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina. Wannan rubutun na dattawanmu ne da kuma 'ya'yansu da ke raka su mustashfa, wato asibiti, domin a unguwannin Shara Mansur da Hindawiyya da Karantina akwai iyayenmu da yawa da suke tashi fitsari sau huɗu sau biyar cikin dare, wani in ya shiga banɗaki sai ya daɗe yana nishi kafin ya zo, in ya zo ɗin ma ɗis-ɗis, amma in ka tambaya sai a ce sanyi ne ko basir ko tsufa, ko Hajiyar gidan ma ba a gaya mata sai dai ta lura da kanta. Na sha raka irin waɗannan bayin Allah ina musu tafinta, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne wanda aka kawo bayan ciwon ya riga ya shiga ƙashi, alhali da an ɗibi jini shekara biyu uku baya da labarin ya bambanta.

Furostet ɗin, wadda za ka ji likitocin nan suna ce mata burostata, wata 'yar tsoka ce kamar girman goro, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara ta zagaye bututun da fitsari ke bi, aikinta samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. In namiji ya manyanta takan ƙara girma ta matse bututun, wannan kumburin tsufa ne kuma mafi yawanci ba kansa ba ne, toh kada kowa ya tsorata don kawai fitsarinsa ya rage ƙarfi. Abin tsoron a wani wajen yake: ita kansar a farkonta galibi bata nuna komai, mutum na cin abincinsa yana ɗawafinsa lafiya lau tana nan tana girma. Shi yasa ba a jiran alama. Mu baƙar fata kuma ta fi kama mu, a Ingila an ƙiyasta cewa namiji 1 cikin 4 na baƙar fata zai gamu da ita a rayuwarsa, a sauran maza baki ɗaya kuwa 1 cikin 8. Don haka in ka kai shekara 45 ka yi wa likita maganar gwaji, balle in mahaifinka ko wanka ko ƙaninka ya taɓa yin ta, ko kuma a danginku akwai mata da yawa da suka yi kansar mama.

Matakin farko gwajin jini ne mai suna PSA. Mai jinsiyya, wato ɗan ƙasa, ya buɗe manhajar Sehhaty ya kama mau'idi, wato ranar ganin likita, a markaz sihhi, asibitin gwamnati na unguwarsu, mai iƙama, takardar zama, da tamin, inshorar lafiya, ya duba asibitocin da katinsa ya shiga, wanda bashi da ko ɗaya ya je mustausaf, ƙaramin asibiti, ko wajen tahalili, ɗakin gwaji, ya biya da kuɗinsa, wannan gwajin dai ba shi ne mai tsadar ba. Ba sai ka ƙi cin abinci ba. Amma ka ƙaurace wa iyali kwana 2 kafin nan, kada ka hau keke ko ka yi motsa jiki mai wahala, in kuma kana da zafin fitsari ko zazzaɓi ko ba a daɗe da sa maka robar fitsari ba ka faɗa, domin duk waɗannan suna ɗaga lambar ba tare da kansa ba. Sannan akwai maganin kumburin furostet irin finasteride da dutasteride da dattawa da yawa suke sha, su kuma rage lambar suke kusan rabi, kaga sai a ga 3 a ce lafiya alhali a zahiri ta kusa 6. Ka zuba duk magungunanka a leda ka tafi dasu.

Yawanci in lambar ta haura 4 ne ake fara sa ido, duk da shekarun mutum ma ana dubawa. In ta fito 5 ko 7 ko 9 ba a ce kana da kansa ba, mutane da yawa masu irin wannan lambar in an bincika ba a samun komai, sau da yawa ma likita zai ce a sake bayan wasu makonni. Ka sake ɗin. Kada ka ninke takardar ka cusa a aljihun jallabiya ka ce Allah ya sawwaƙe.

Daga nan sai likitan masalik, wato na hanyoyin fitsari. A nan ne dattawa suke tirjewa, saboda zai sa safar hannu ya sa yatsa ta dubura ya taɓa furostet ɗin ya ji ko da tauri ko ƙullutu. Wallahi na san nauyin abin ga mutumin da ya haifi goma ya aurar, amma bai kai minti ɗaya ba, ana jan labule, kuma kana da damar cewa likita namiji kake so. Kai ɗan da ka raka shi ka fita waje kafin a ce ka fita, ka bar wa mahaifinka mutuncinsa. In kana lallashinsa tun daga gida kada ka shiga yi masa lacca, ka ce Baba don Allah ku daure mu je a duba, in ba komai mun huta, in da wani abu gara mu sani da wuri. In shi ba zai ji naka ba ka nemi amininsa ko limamin da yake jin maganarsa.

In likita ya ga akwai abin bincike zai rubuta hoton MRI, a nan ranin ake ce masa. Gara a yi hoton kafin a ɗebi tsoka, domin shi yake nuna inda za a nufa. A rahoton za ka ga an rubuta PI-RADS da lamba daga 1 zuwa 5, in 1 ko 2 ne galibi ba abin damuwa, 3 tsaka-tsaki ne, 4 da 5 kuwa sai an ɗebi tsoka. Mai tamin ya sani hoton nan da ɗibar tsokar duk sai kamfani ya bada muwafaƙa, wato amincewa, kada ka zauna gida kana jiran kira, ka riƙa leƙa ofishin tamin na asibitin, in an ƙi ka karɓi dalilin a rubuce likita ya sake turawa da bayani, in abin ya ƙi ci ana kai ƙorafi Hukumar Tamin, Hai'atut Tamin, wadda ke sa ido kan kamfanonin.

Ɗibar tsoka, khaz'a kenan, ita kaɗai ce take tabbatar da kansa ce ko ba ita ba. Da siririyar allura ake tsinko 'yan ƙananan yanki kamar 10 zuwa 12, ko ta dubura ko ta fatar da ke tsakanin 'ya'yan maraina da dubura, ta biyun ta fi ƙarancin kawo ƙwayar cuta, toh ka tambaya ko suna yin ta. Ana kashe wajen da allura, wani lokacin a sa mutum barci. Mai shan maganin tsinka jini saboda zuciya ya faɗa tun da wuri, kuma kada ya daina da kansa sai likita ya ce. Bayan an yi za ka ga jini a fitsari na 'yan kwanaki, a maniyyi kuma har makonni, wannan ba komai. Amma zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya tsaya cak, wannan ɗawari' ne, sashen gaggawa, a daren, ba sai gobe ba. Akwai maganar da ke yawo cewa in aka taɓa kansa da allura ko wuƙa sai ta watsu, ita ta hana mutane da yawa zuwa, kuma jinkirin ne yake basu matsala ba allurar ba.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a fahimta sosai. Ranar karɓar sakamako kada mutum ya je shi kaɗai, kuma a tafi da wanda yake jin Larabci ko Turanci da kyau, ba yaron da zai ji kunyar fassara wa kakansa maganar gaba ba. Da an ce saraɗan, wato kansa, kan mutum yake ɗaukewa, sauran bayanin duk baya shiga. Mai rakiya ya rubuta abu uku. Na ɗaya lambar PSA. Na biyu makin Gleason, wanda yake nuna zafin kansar, za ka ganshi kamar 3+3=6 ko 3+4=7 ko 4+3=7 har zuwa 10. Shida ita ce mafi sanyi, ba wai shida cikin goma ta yi nisa ba kamar yadda mutane ke zato. Kuma 3+4 da 4+3 duk bakwai ne amma ba ɗaya ba ne, wadda ta fara da 4 ta fi zafi. Wasu rahotannin suna ƙara rukuni daga 1 zuwa 5, 1 shi ne Gleason 6, 5 shi ne 9 da 10. Na uku inda ta kai: T1 da T2 tana cikin furostet bata fita ba, T3 ta fara ɓullowa waje, T4 ta taɓa maƙwabtan sassa. In PSA ta haura 20 ko Gleason ya kai 8 zuwa sama za a ƙara hoton ƙashi ko wanda ake kira PSMA PET don a ga ko ta tafi wani waje. Duk likitan da za ka gani nan gaba, a Riyad ne ko a Kano ko a Alƙahira, waɗannan ukun zai fara tambaya.

Da waɗannan lambobin ake zaɓar magani, kuma ba kullum tiyata ba ce. In kansar mai sanyi ce, PSA ƙasa da 10, Gleason 6, tana ciki bata fita ba, sau da yawa shawarar ita ce a sa mata ido kawai, ana PSA duk bayan wasu watanni, ana sake hoto da ɗibar tsoka lokaci-lokaci, in ta motsa sai a shiga magani. Mutanenmu in aka faɗa musu haka sai su ce likita ya raina su ne don basu da kuɗi ko don baƙi ne. Ba haka ba ne. A wani babban bincike a Ingila da aka bi maza 1,643 masu kansar da bata bazu ba, aka raba su wasu tiyata wasu gashi da haske wasu sa ido, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna bayan shekara 15 kusan kashi 97 cikin 100 ba kansar ce ta kashe su ba, ko wanne aka yi musu. Sai dai waɗanda aka sa wa ido ta fi bazuwa a jikinsu, kuma mafi yawan mutanen binciken turawa ne, toh mu in aka ce sa ido sai mu riƙe mau'idinmu da gaske, ba a tafi gida Najeriya ko Nijar a shekara biyu ba gwaji ba.

In magani za a yi, manyan hanyoyi biyu ne ga wadda bata bazu ba, cirewa ko gashi da haske. Kafin ka sa hannu ka nemi ganin likitan haske shima, ba likitan tiyata kaɗai ba, ka ji ta bakin kowa. Wannan ciwon yawanci baya gudu, makonnin da za ka ɗauka kana shawara da istihara ba za su cuce ka ba. Manyan wuraren da ake wannan aikin akwai Madinar Sarki Abdullah ta lafiya a Makka, da asibitin Sarki Faisal na ƙwararru a Riyad da Jidda, da asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, ga kuma manyan masu zaman kansu. Na gwamnatin da tahawili, takardar turawa daga likita, ake shiga kuma sai an duba ko takardunka sun baka damar magani a can. Wanda kuɗin ya fi ƙarfinsa ya nemi ofishin khidma ijtima'iyya, masu tallafa wa marasa ƙarfi, na asibitin da rahoton likita da takardar ƙiyasin kuɗi a hannu, ya kuma gwada Jam'iyyar Zamzam da dandalin Shifa, kowanne da sharuɗɗansa. Ba roƙo ba ne, don irin wannan aka kafa su.

Ita tiyatar, furostet ɗin ake cirewa gaba ɗaya a sake haɗa mafitsara da bututu. Ana yi ta yanka ciki, ko ta 'yan ƙananan huji da kyamara, ko da na'urar da Vinci wadda ake ce wa robot, kuma kada ka ɗauka inji ne ke yi shi kaɗai, likita ne zaune yana sarrafa ta. Ta hujin ta fi ƙarancin zubar jini kuma an fi saurin tashi, amma ƙwarewar hannun mai aikin ta fi sunan na'urar muhimmanci. Ka tambaye shi kai tsaye: Dakta sau nawa kake wannan aikin a shekara, za a iya barin jijiyoyin da ke tada gaba a nawa, kwana nawa zan yi da roba, wa zan kira in wani abu ya taso da dare. Ba rashin kunya ba ne. Wani abu kuma, dattawan da aka taɓa yi wa kankarar furostet ta bututu saboda kumburi su sani ba cire ta aka yi ba, sauran na nan, gwajin bai faɗi a kansu ba.

Bayan aiki kwana ɗaya zuwa uku ake yi a asibiti in ta huji ce, ta yanka ta ɗan fi haka. Za ka koma gida da gasɗara, robar fitsari, ta mako ɗaya zuwa biyu. Jakar ta kasance ƙasa da mafitsara kullum, kada a bari ta lanƙwashe, a sha ruwa sosai, a riƙa tattaki a cikin gida tun ranar farko saboda gudan jini a ƙafa, a guji bushewar ciki. Mai turin arabiyya, keken guragu, a Harami da mai dako da direba su nemi ijaza, wato hutu, a rubuce, ba ɗaukar kaya mai nauyi har wajen mako 6.

Abu biyu ne suke karya zuciyar maza bayan an cire robar kuma ba a cika faɗa musu da Hausa ba. Na farko yoyon fitsari. Kusan kowa sai ya yi a farko, in ya tashi tsaye ko ya yi tari ko ya ɗago daga sujada sai ya ji ɗumi. Ka sayi famfas na manya tun kafin ranar cire robar ka tafi dashi. Yawanci yana raguwa cikin watanni, wasu sai sun kusa shekara, kaɗan ne yake zame musu jiki kuma su ma akwai aikin da ake musu. Motsa tsokar ƙasa yana taimakawa ƙwarai: ka matse kamar kana riƙe iska kada ta fita, ka ƙirga biyar zuwa goma, ka saki, sau goma, sau uku a rana, ka fara koyo tun kafin tiyata amma banda lokacin da roba ke jiki. Kuma don Allah kada yoyon nan yasa wani ya daina sallah ko ya ƙaurace wa masallaci, malamai sun yi bayanin salasul bauli tun da daɗewa, mai shi yana da rangwame, ka samu malaminka ya faɗa maka yadda za ka yi da alwala da tufafi. Maganar azumi ma, Majalisar Fiƙihu ta Musulunci a zamanta na Jidda a 1997 ta lissafa sa robar fitsari da allurar da ba ta abinci ba cikin abin da baya karya azumi.

Na biyun kwanciyar aure. Ƙarfin gaba yana raguwa ko ya tafi bayan tiyata, dawowarsa ya danganta da shekaru da suga da kuma ko an bar jijiyoyin, yana iya ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu, wani baya dawowa yadda yake. Maniyyi kuwa ba zai ƙara fita ba, ba haihuwa ta hanyar da aka saba, toh mai amarya ko mai son ƙarin 'ya'ya ya yi maganar adana maniyyi kafin aiki. A gaya wa Hajiya gaskiya tun farko, mata sun fi mu haƙuri da irin wannan in an sanar dasu, abin da ke ɓata gida shi ne shiru har ta fara zargin wani abu daban. Akwai ƙwayoyi da allura da na'ura da likita zai iya rubutawa. Maganin maza na bayan fage kuwa a bar shi, musamman mai shan maganin ciwon ƙirji na ƙarƙashin harshe, haɗuwarsu tana faɗar da jini ƙasa har a rasa rai.

Hasken, ish'a'i, ba yanka ba kwanciya, kullum za ka je a yi maka na 'yan mintuna ka dawo, wasu zama 20 cikin mako 4, wasu har mako 7 zuwa 8, wasu wuraren ma zama 5. Baya zafi a lokacin, amma yana kawo yawan fitsari da gudawa da kasala, ƙarfin gaba kuma a hankali yake raguwa. Sau da yawa ana haɗa shi da allurar hormon mai danne sinadarin maza wanda kansar ke rayuwa dashi, ta wata-wata ko ta wata 3 ko 6. Allurar tana sa zufa ta kwatsam da ƙiba da mutuwar sha'awa da raunin ƙashi, tana kuma taɓa suga, mai suga ya ƙara kula. Ko kansar ta riga ta shiga ƙashi ba a ce an gama ba, allurar nan tare da ƙwayoyi irin abiraterone ko enzalutamide ko kimawi, wato kemo, suna riƙe ta shekaru. Zamzam da addu'a da habbatus sauda ba wanda ya hana ka, amma a haɗa da maganin asibiti, kuma duk jiƙon da aka aiko maka daga gida ka nuna wa likita kafin ka sha. Mai wannan ciwon in ya ji sabon ciwon baya mai tsanani, ƙafafu sun yi nauyi ko sun mutu, ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, a kira 997, motar asibiti, nan take, yana iya zama ƙashin baya ne ya danne laka, kuma awanni kaɗan ne tsakanin tafiya da kwanciya.

Kamar mako 6 zuwa 8 bayan tiyata za a sake PSA, ya kamata ta sauka har kusan ba a ganinta, ƙasa da 0.1. Daga nan duk wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, sannan shekara-shekara. In ta fara hawa ta kai 0.2 likita zai yi maganar ƙarin haske, kuma an fi cin nasara in an kama ta tana ƙasa.

Mu da zamanmu ya rataya a iƙama, yau kana nan gobe kafili ya ce khuruj, ka bar ƙasar, dole fayil ɗinka ya zama a hannunka ba a kwamfutar asibiti kaɗai ba. Ka karɓi rahoton tsoka, da na tiyata, da faifan hotuna, da jerin duk PSA ɗinka da kwanan watansu, da sunan allurar hormon da ranar da aka yi ta ƙarshe, ka ɗauki hotonsu a waya ka tura wa ɗanka ta WhatsApp. In za ka koma gida gaba ɗaya ka roƙi ɗakin gwajin su baka gilasan tsokar da aka ɗiba, ka nemi rahoton da Turanci, ko a fassara shi Faransanci in Nijar za ka, kuma in haske aka fara maka ka yi duk yadda za ka yi a ƙarasa zaman kafin ka hau jirgi, domin ba a yanke shi a tsakiya. Asibitin da za ka ci gaba a can, na Malam Aminu Kano ne ko na Shika a Zariya ko na Yamai, a kama maka layi tun kana nan don kada ranar allurarka ta wuce kana hanya.